Kun yi wa John Locke kirari, kun ɓoye hannunsa a cinikin bayi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na saurari shirinku na ranar Lahadi har ƙarshe, kuma tun daga ranar abin yake ci mini tuwo a ƙwarya. Baƙonku ya yi ta yi wa John Locke, masanin falsafa ɗan Ingila, kirari: uban 'yanci, wanda ya ce mutum yana da haƙƙin ransa da 'yancinsa da dukiyarsa tun kafin a kafa gwamnati, wanda ya ce in mai mulki ya ci amana jama'a na da ikon tumɓuke shi. Duk wannan yana cikin littafinsa na 1689 kan gwamnati, ban musa ba. Amma har aka rufe shirin ban ji kalmar "bayi" ko sau ɗaya ba. Shi ma mai gabatarwa bai tambaya ba.

Ni a zangon Kumasi aka haife ni, kuma tarihi na koyar har na yi ritaya. Ban san sau nawa na kai ɗalibai tsohon gidan bayi na Cape Coast, a gaɓar tekun Ghana, ba. In an shiga kurkukun maza da ke ƙarƙashin ƙasa, yaran da suka cika mota da surutu sai su yi tsit. Duhu, zafi, 'yar kafar iska can sama, ga ɗakin ibadar Turawa a bisa kan kurkukun. Wata shekara wata yarinya ta riƙe mini hannun riga tana kuka, ta ce, "Malam, su masu ilimin ƙasarsu ba su san ana yin wannan ba?" Na rasa bakin magana, domin na san amsar. Sun sani sarai.

Wannan gida shi ne hedikwatar Royal African Company a gaɓar tekun nan, kamfanin cinikin bayi da Sarki Charles na Biyu na Ingila ya ba izini a 1672, ƙanensa James yana shugabanta. Locke ya sayi hannun jari a cikinsa. Kafin nan, a 1669, yana sakataren masu mallakar Karolina a Amurka, da shi aka tsara dokokin mulkin yankin, kuma a ciki an rubuta cewa kowane ɗa, wato wanda ba bawa ba, yana da cikakken iko a kan baƙaƙen bayinsa. Mutumin nan ne fa ya buɗe littafinsa da cewa bauta ƙasƙanci ce, har da wuya a ga ɗan Ingila yana kare ta. Can gaba kuma ya halatta bautar da wanda aka kama a yaƙin da ya kira na adalci. To 'yancin nan na wa ne?

Abin da ya ƙara ɓata mini rai, baƙon naku ya iya tonon silili. Ya yi wa Thomas Hobbes, wani masanin falsafa ɗan Ingila, tas saboda littafinsa na 1651 ya ba mai mulki iko marar iyaka, bai ko yi masa uzurin cewa ya rayu a zamanin yaƙin basasar Ingila, har aka sare kan sarki a 1649. Da aka zo kan Locke sai harshensa ya yi laushi.

Kada wani ya ce ina wanke namu. Na san kasuwar Salaga ta arewacin Ghana, na san ba goro kaɗai kakanninmu suka yi fatauci a can ba, kuma ina faɗa wa ɗalibaina haka. Ban kuma ce a jefar da maganar Locke ba, ni kaina na koyar da ita, kuma gaskiya ce cewa mulki amana ne. Amma jikokina biyu suna zaune kusa da ni ranar, sun tashi da rabin labari. Ku dawo da baƙon nan, ku yi masa tambayar da yarinyar can ta yi mini.

Sannan don Allah wa ya mayar da shirin dab da magariba? Dole mutum ya zaɓa tsakanin jam'i da ƙarshen hira, ranar nan a gida na yi sallata. Ku mayar mana da shi bayan isha'i kamar da.

Wassalam.

Mai sauraronku,
tsohon malamin tarihi, daga Kumasi