Gaisuwa daga bakin ruwan Piraeus

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida ya yara, ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata sauƙi. Ka yi haƙuri da shirun da ka ji, wallahi ba mantawa na yi ba, injin jirginmu ne ya ba da matsala aka kai mu wajen gyara a Perama kusa da Piraeus, yau sati uku kenan muna zaune kullum sai a ce mana kayan gyara na hanya. Tunda aiki ya yi sauƙi sai nake ɗan shiga gari, shi ne na ce bari in ba ka labari, kai da ka ce a ƙwallo kawai ka san wajen.

Piraeus ɗin nan, su Pireas suke cewa, ita ce tashar ruwan Atina babban birnin Girka, tsakaninsu bai fi kilomita 10 ba kuma gidaje sun haɗe ba ka gane inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Garin a kan duwatsu yake da suka kutsa cikin teku, tasha uku Allah ya yanka musu. Babbar nan ne jiragen fasinja ke tashi zuwa Kirit da sauran tsibirai, sai ƙanana biyu Zea da Mikrolimano inda masu kuɗi ke ɗaure jiragen shan iska. Gidajen cin kifi ne jere a wajen, tsada kamar me, kofi kawai na sha na gudu.

Daga inda muke ina hango tsibirin Salamis, a ɗan tsukin ruwan da ke gabana ne Girkawa suka ragargaza jiragen yaƙin Farisa a 480 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), yanzu kuma sai feri ke ta kai-komo da motoci kamar ba a taɓa komai ba. Wani shugabansu Themistocles ne ya dage sai an gina tashar nan, daga baya suka ja doguwar ganuwa tun daga Atina har bakin ruwa, yadda ko an yi musu ƙawanya ta ƙasa hatsi zai shigo ta teku. Dabara ce, amma Sparta, wani birnin Girkawa mai gaba da su, ta ci su ta rushe ganuwar a 404, sai Sulla, wani janar na Rum, ya zo a 86 ya ƙone wajen, duk kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Daga nan gari ya mutu murus, shekaru aru-aru, har sunan ya ɓace aka koma ce masa Porto Leone saboda wani zakin dutse da ke bakin tashar. Shi ma zakin mutanen Venice sun kwashe shi ƙarshen ƙarni na 17, har yau yana can, kwafi ne aka girke a nan. Sai da Atina ta zama babban birni a 1834 sannan garin ya farfaɗo, jirgin ƙasa ya iso a 1869, 'yan gudun hijira daga Turkiyya suka cika unguwanni bayan 1922.

To ga abin da ya tsaya min a rai. Girkawa suna sahun gaba a duniya wajen mallakar jiragen dakon kaya, ka bi titin Akti Miaouli ofisoshinsu ne reras, amma tashar gidansu tana hannun 'yan Chaina. Kamfanin COSCO ya fara karɓar wani ɓangaren kwantena a 2009, da bashi ya shaƙe gwamnati ya sayi kashi 51 cikin 100 na tashar a 2016, ya kai 67 a 2021. Dalili a fili yake, jirgin da ya fito daga Suez nan ya fi masa kusa ya sauke kayan Turai. Wani tsohon mai walda da muke hira ya ce aiki ya ƙaru sosai ba ya musu, amma dai gidan ba nasu ba ne yanzu. Ni kam ban ga laifin mai saye ba, mai sayarwa nake kallo.

Olympiacos kuwa, ƙungiyar ƙwallon garin, addini ne a nan, ko'ina ja da fari, har yanzu ba su gama murnar kofin Turai na 2024 ba. Da na ce daga Najeriya nake sai wani ya kama kiran Ideye, tsohon nan kuma ya ce shi Yekini ya gani da idonsa. Idan ba mu tashi ba kafin Lahadi zan leƙa filin Karaiskakis in turo maka hoto.

Yajin da ka ba ni ya kusa ƙarewa, abincinsu man zaitun ne kawai ba barkono. Ka gaida Hajiya da su Baba, a sa mu a addu'a.

Naka,
abokinka na kan ruwa