Koken matan Hausawan Bronx kan masu jego da marasa lafiyar da ke kwance a gida

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Hausawan New York da dattawan majalisarsa.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ban girma, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka haƙurin jama'a.

Mu 'ya'yanka ne mata mazauna Bronx, akwai 'yan Kumasi da Accra, akwai 'yan Kano da Damagaram da Maradi, kuma yawancinmu aikin kula da tsofaffi a gidajensu muke yi. Abin da ya same mu a sanyin da ya wuce shi ya kawo mu gabanka. Wata ƙanwarmu ta haihu, aka sallame ta daga asibiti, maigidanta yana tuƙin tasi da dare. Kwana uku jini yana zuba, ita kuwa haihuwar fari ce, ta ɗauka jinin biki ne. Maƙwabciya ce ta ji kukan jariri ya ƙi tsayawa, ta buga ƙofa, ta kira motar asibiti. Allah ya sa tana da sauran shan ruwa. Ranar suna ɗakin taronmu ya cika maƙil, har da masu tsayuwa a bakin ƙofa, amma a kwana ukun nan babu ƙafar da ta taka gidanta. Mu ma da muke wannan rubutu muna cikin masu laifin.

A gida mai jego ba ta kwana ita kaɗai. Uwa ko gwaggo tana nan, ga ruwan wanka, ga kunun kanwa, har a yi arba'in. A nan uwar tana can ƙetaren teku tana jiran biza. Asusunmu kuma, ranka ya daɗe, idan aka yi rasuwa kafin a watse daga zaman makoki an haɗa kuɗin jana'iza ko na kai gawa gida, kuma Allah ya saka wa masu bayarwa. Sai dai ba mu taɓa jin an fitar da dala ɗaya domin wanda yake kwance da ransa ba.

A taron da ya gabata ɗayarmu ta kawo misalin Lillian Wald, ma'aikaciyar jinyar da ta riƙa bin marasa lafiya har gida, wani dattijo ya ce me ya haɗa mu da Bayahudiya, aka rufe taro kafin mu ba da amsa. Muna neman izini mu ba da ita a nan cikin ladabi.

An haifi matar nan a 1867 a birnin Cincinnati a nan Amurka, iyayenta Yahudawa ne masu rufin asiri, ta tashi a Rochester, ta gama karatun aikin jinya a New York a 1891. A 1893 tana koya wa matan baƙin haure kula da maras lafiya a unguwar Lower East Side, sai wata yarinya ta zo ta ja ta zuwa gidansu. Ta tarar da uwar yarinyar kwance cikin jini bayan haihuwa, likita ya tafi ya bar ta saboda ba su da kuɗin biyansa. Ranka ya daɗe, ka ji dalilin da ya sa labarinta ya tsaya mana a rai. Daga ranar ta ajiye karatun likitancin da ta fara, ita da abokiyar aikinta Mary Brewster suka kama ɗaki a benen talakawa cikin unguwar, suna bin gida gida. Mai hali ya biya ɗan abin da zai iya, maras hali a duba shi kyauta. A 1895 attajiri Jacob Schiff ya ba su gida mai lamba 265 a titin Henry, gidan yana nan yana aiki har yau. Ita ce ta sa birnin nan ya saka ma'aikaciyar jinya ta farko a makarantun gwamnati a 1902, wadda 'ya'yanmu suke zuwa wurin irinta in ciki ya murɗa. Tana kuma cikin waɗanda suka kafa NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata a Amurka, a 1909, lokacin da baƙar fata ba ya samun kujera a wurare da yawa. Ta rasu a 1940, ba ta yi aure ba. Hukumar aika ma'aikatan jinya gidaje da ta faro ita ce VNS Health ta yanzu, kuma akwai 'yan'uwanmu da suke cin abinci a irin wannan aikin.

Ga wanda addininta ya dame shi, malamanmu sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya je duba wani yaro Bayahude da yake yi masa hidima sa'ad da ya kwanta ciwo. Dubiya tamu ce tun asali. Tsari ne ta fi mu, shi muke so mu ara.

Saboda haka muna roƙon Sarki ya ba mu ɗakin taro yini ɗaya a mako, inda ƙwararrun ma'aikatan jinya da ke cikinmu za su nuna wa mata alamomin da bai kamata a kwana da su ba: jinin da ya wuce kima, zazzaɓi bayan haihuwa, ciwon kai mai tsanani da kumburin ƙafa. Muna roƙon a ware wani kaso na kuɗin wata, ko yaya yake, don kuɗin mota da cefanen wadda za ta kwana wurin mai jego. Abin da ya fi mana nauyi shi ne maza. Wasu ba sa son a san matarsu ba ta da lafiya, wasu suna tsoron kiran motar asibiti saboda takardu ko inshora. Mu ba za su saurare mu ba, amma in maganar ta fito daga bakin Sarki, limamai suka maimaita ta ranar Juma'a, za a buɗe mana ƙofa.

Idan bazara ta yi muna so mu kai 'yan matanmu su ga gidan titin Henry, da yardarka.

Sunayen matan da suka yarda su riƙa zuwa dubiya suna hannunmu, kowace da ranar hutunta. Muna fatan samun amsa kafin taron wata mai zuwa, domin akwai masu ciki da watansu ya kusa.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya.

Mu ne 'ya'yanka,
Matan Hausawa mazauna Bronx.