Ni nake zaɓa wa mijina fim a ranar da ya sha laimar kwaɗi

Assalamu alaikum Anti. Ina fata kina lafiya, ya aiki, ya haƙuri da jama'a? Allah Ya saka miki da alheri. Ina sauraren shirinki ta intanet daga nan Amurka, yawanci ina kan hanyar dawowa daga aiki. Na daɗe ina ɗaukar waya in rubuto miki ina fasawa, sai yau dai na ce gara in faɗa wa wadda ba ta san ni ba. Don Allah ki sakaya sunana.

Ni da maigidana mutanen Zariya ne. Shekararmu bakwai a jihar Kolorado, a gefen birnin Denba, da 'ya'yanmu biyu, namiji mai shekara shida da mace mai uku. Shi yana aiki a wani babban sito kusa da filin jirgi, ni kuma ina aikin kula da tsofaffi. Ba mu da wata rigima a tsakaninmu, mutum ne mai haƙuri da riƙon salla.

Bara cikin azumi Allah Ya yi wa Hajiya, mahaifiyarsa, rasuwa. Cikin dare aka kira shi, kafin gari ya waye a nan har an kai ta. Rabonsa da ita shekara biyar, kullum yana cewa sai babbar salla, sai kuɗi sun taru. Jana'izarta a wayar hannu ya gani, wani ɗan guntun bidiyo da ƙanensa ya turo ta WhatsApp. Ko ɗigon hawaye bai zubar ba. Ya karɓi gaisuwa, ya koma aiki bayan kwana uku, daga nan sai mutum ya fara dusashewa a gabana. Abinci sai ya tsakura ya ture. Yara su hau jikinsa, yana kallon bango. Da sanyi ya shigo abin ya ƙaru, don a nan cikin Disamba kafin ƙarfe biyar rana ta faɗi, ya fita cikin duhu ya dawo cikin duhu. Na yi na yi ya ga likita, ya ce shi ba mahaukaci ba ne, ƙaddara ce kuma ya karɓa.

Wajen wata na tara da rasuwar sai na ga kamar ana sake mini shi. Ya fara cin abinci, ya fara tsokanar yarinyar. Na yi ta hamdala. Ranar nan ina neman garin kuka a saman kabad ɗin kicin, can bayan gwangwanin shinkafa na ci karo da wata kwalba mai ɗauke da ƙwayoyin kafso, da ɗan ƙaramin sikeli, da wata leda mai busasshiyar laimar kwaɗi, wadda wasu ke ce wa naman kaza. Da na tare shi bai yi musu ba. Ya ce wani abokin aikinsa ne ya ba shi, irin laimar nan ce mai sinadarin silosaibin, wadda in an ci da yawa take sa mutum gane-gane da jiye-jiye. Shi kuma ɗan mitsitsi yake sha, abin da suke kira maikurodos, wai ba ya kai wa ga maye, yana dai sassauta ƙuncin zuciya. Ya ce kuma doka ta yarda.

A nan ya yi gaskiya rabi. Tun 2019 mutanen Denba suka kaɗa ƙuri'ar a daina bin masu amfani da ita, sannan a Nuwamban 2022 jihar gaba ɗaya ta amince wanda ya kai shekara 21 zai iya nomawa, ya ajiye, ya sha, har ya ba wani babba kyauta, sayarwa ce aka hana. Amma a dokar tarayyar Amurka har gobe tana cikin rukunin farko na haramtattun ƙwayoyi, tun 1970. Mu kuwa ba 'yan ƙasa ba ne tukuna, katin zama na dindindin gare mu, kuma harkar shige da fice dokar tarayya take bi, ba ta jiha ba. Baɗi muke sa ran neman takardar zama 'yan ƙasa, inda ake tambayar mutum a kan rantsuwa. Ko ya yi ƙarya, ko ya faɗi abin da zai iya rushe wahalar shekara bakwai.

To Anti, ga inda ni na shigo ciki, kuma shi ne abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya.

Ranakun hutunsa yake sha, Talata da Asabar, bayan la'asar. Daren farko bayan na gano, muna zaune yara sun yi barci, sai ya miƙo mini rimot ya ce, "Maman Abba, nemo mana wani abu mai sanyi." Ya yi mini bayani cewa masu harkar suna cewa komai ya dogara da halin da zuciyar mutum take ciki da kuma abin da ke kewaye da shi, don a lokacin zuciya a buɗe take, duk abin da ya shiga ido sai ya sauka har ƙasa. Ina cikin fushi, amma na karɓa. Na sa mana wani fim na halittun cikin teku. Ba zan manta ba, aka nuno wani garken ƙananan kifi suna juyawa tare kamar zani ɗaya a iska, sai na ji ya ce "Subhanallah" a hankali, ya kamo hannuna. Wata tara rabon da ya riƙe mini hannu haka.

Tun daga ranar aikin ya zama nawa. Na koyi abin da yake ɗauka da wanda ba ya ɗauka. Fim ɗin harbe-harbe ko na ban tsoro ba a ma maganarsu. Labarai ma ba na bari, don ranar da aka nuno yaƙi ya kasa barci har asuba. Duk fim ɗin da hotonsa ke saurin canzawa ko sautinsa ke tashi kwatsam yana sa shi murza goshi ya ce a rage. Abin da yake so shi ne mai tafiya a hankali: dazuzzuka, duwatsu, tsuntsaye masu ƙaura, masu saƙa ko ginin tukwane suna aikinsu ba surutu, katun irin wanda aka zana da hannu, wani lokaci tsofaffin finafinan Indiya da muka gani muna yara, su ma sai wanda ya san ƙarshensa. Har littafi na buɗe ina rubutawa. A wurin aiki, lokacin hutun cin abinci, ina zama a mota in riƙa jan fim gaba a waya ina dubawa ko akwai asibiti, ko gawa, ko tsohuwa mai jinya. In na ga haka sai in soke shi.

Zan faɗa miki gaskiya tsakanina da Allah, ina son waɗannan darare. Ina dafa shayi mai citta da kanumfari, in rage fitila, mu zauna a kafet. Yana magana, yana ba ni labarin yarintarsa a Tudun Wada, yana dariya. Mijina nake gani ya dawo, kuma ni ce nake shimfiɗa masa hanyar. Sai in na kwanta tunani ya taso mini: shin jinya nake yi, ko kuwa ni ce mai riƙe wa mashayi kofi?

Sati uku da suka wuce abin ya ƙwace mini. Ya ce ya gaji da kifi da tsuntsaye, yana marmarin jin Hausa. Na samo wani fim ɗin Hausa a YouTube, na duba farkonsa na ga barkwanci ne, ranar kuma aiki ya yi mini yawa ban bi shi har ƙarshe ba. Muna cikin dariya, wajen minti arba'in, sai labari ya juya. Aka nuno tsakar gida, mata zaune a tabarma sun lulluɓe, maza sun fito da makara daga ɗaki ana salati. Na rarumi rimot, ya riƙe mini wuyan hannu ya ce in bari. Na dube shi, baƙin idonsa ya buɗe ya yi faɗi, gumi na tsattsafo masa a goshi alhali ana sanyi. Ya ce, "Kin ji ƙamshin turarenta?" Babu wani turare a ɗakin, Anti. Sai ya kife a kafet ya fashe da wani irin kuka da ban taɓa jin namiji ya yi ba, yana kiran Hajiya, yana cewa ta yafe masa, jikinsa na rawa. Ya fi awa ɗaya a haka. Ina tofa masa addu'a ina shafa bayansa, na ɗaga kai sai ga Abba tsaye a bakin ƙofa da bargonsa, yana kallon ubansa. Har yau yaron yana tambayata ko Baba ba shi da lafiya.

Da safe ya ce mini wannan busasshiyar da aka ba shi ta fi ta baya ƙarfi, shi ya sa. Wannan ma ya ƙara tayar mini da hankali, don ashe sikeli nauyi kawai yake aunawa, ba ya auna ƙarfin abin da ke ciki, kowace laima da nata. Amma kuma ya ce tun rasuwar bai taɓa jin ƙirjinsa ya yi sakayau irin na ranar ba, kukan da ya kasa yi ne ya fito. Yanzu so yake mu sake kallon fim ɗin, har ma ya ce in nemo masa bidiyon jana'izar.

Na zauna na yi karatu a kan abin gwargwadon iyawata. Gaskiya ne manyan jami'o'i irin su Johns Hopkins sun gwada sinadarin a kan masu ciwon baƙin ciki, har Ostareliya ta ba wasu likitocin ƙwaƙwalwa izinin amfani da shi tun Yulin 2023. Amma wancan a gaban ƙwararru ake yi, bayan an tantance mutum, ba a falo da mata da rimot ba. Shi kuwa shan kaɗan-kaɗan ɗin, wani bincike na Kwalejin Imperial da ke Landan da ya fito a 2021, mai mutum 191, ya nuna waɗanda suka haɗiyi kafso ɗin da babu komai a ciki su ma sun ce sun ji sauƙi kusan daidai da masu shan na gasken. Da na karanta wannan sai na ce, to ko dai ba laimar ba ce take warkar da shi? Ko zaman ne, da shayin, da hannun da nake riƙewa? Na faɗa masa, ya yi shiru, ya ce in haka ne me ya sa duk watannin baya ban iya fito da shi ba. Maganar ta soke ni, amma ban ga laifinsa ba.

Abin da ya fi firgita ni shi ne, a irin waɗannan gwaje-gwajen ba sa ɗaukar wanda ke da taɓin hankali a danginsa na kusa, saboda sinadarin yana iya tayar da ciwon da ke kwance. Maigidana kuwa yana da baffa, ƙanen mahaifinsa uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya yi shekaru ana kai shi asibitin ƙwaƙwalwa a Kaduna. A gidansu ba a maganar, cewa ake iska ce. Duk lokacin da na tuna "kin ji ƙamshin turarenta", sai baffan nan ya faɗo mini a rai.

Ga kuma addini. Tun muna Islamiyya aka koya mana hadisin da ke cewa abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Na karanta masa, ya ce ai magani ne, kuma lalura ce. Na ce wane likita ya rubuta maka? Ya ce ai yana sallarsa daidai, ya san abin da yake karantawa. Mafi yawan ranaku haka ne, na shaida. Amma a daren nan bai yi isha'i ba sai da asuba ya rama. Ni kuma da nake zaɓen fim, nake rage fitila, mene ne matsayina a wurin Allah? Kunya ta hana ni tambayar limaminmu, don mu Hausawan nan ba mu da yawa, in na ce "wata ƙawata" kowa ya san wa nake nufi.

Anti, gaba kura baya sayaki. In na ce na daina, na san ba fasa sha zai yi ba, sai dai ya koma yi shi kaɗai a ɓoye, ya kalli abin da ya ga dama, ko ya buɗe bidiyon jana'izar babu kowa kusa da shi. In na ci gaba, na zama abokiyar tarayya, kuma kullum ina ƙara nuna masa cewa abin ba komai ba ne. Na yi tunanin kiran Yaya, babban wansu da ke Abuja, don shi kaɗai yake jin maganarsa yanzu da Hajiya ba ta. Sai dai in na yi haka na tona masa asiri a dangi, za a ce ya je Turai ya zama ɗan ƙwaya, kuma ba lallai ya sake yarda da ni ba. Ta wace hanya zan bi in kai shi gaban likita ko mai ba da shawara, mutumin da yake ganin zuwa can tamkar amsa sunan mahaukaci ne? Akwai dabarar da zan riƙe mana wannan zaman na dare, da shayinsa da hirarsa, in raba shi da kwalbar? Kuma me zan ce wa Abba?

Kwalbar dai na sa ya saya mata akwati mai makulli saboda yara, wannan kam bai yi gardama ba. Fim ɗin Hausar na ce masa ban same shi ba, alhali ƙarya nake yi, yana nan a ajiye a wayata. Jibi Asabar, kuma tun jiya ya tambaye ni me za mu kalla.

Don Allah ki taimaka mini da shawara, ke da malamai da likitocin da kike gayyata, da duk wata 'yar'uwa da ta taɓa shiga irin wannan. A sa mu a addu'a, a kuma yi wa Hajiya addu'ar samun rahama.

Taki,
Maman Abba, daga Kolorado