Ranar da bedi ya tsaya da ka a bangon aji

Maraɗi, unguwar Zariya

Aminina Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya iyali, yaya zaman Abijan? Mu nan lafiya lau, sai zafin bazara da ya sa kowa neman inuwa.

Ka tuna darasin gilashin nan mai kaurin ciki da siraran gefe, wanda mushenmu na fizik ya yi ta zana mana a allo da kibiyoyi? Mun haddace, mun ci jarrabawa, amma ni da kai ba mu taɓa riƙe gilashin a hannu ba. To bana da darasin ya zo wa ƴan ajina masu shirin jarrabawar BEPC, na ce ba zan maimaita musu abin da aka yi mana ba. Na aro lup, wato irin gilashin nan na ƙara girman abu, wajen wani mai gyaran waya a babbar kasuwa, na ɗauko kuma tsohon tabaran karatu na Baba.

Da hantsi muka fita fili. Na riƙe lup ɗin bisa ɓawon gyaɗa, ina ɗagawa ina saukewa har hasken rana ya tattaru a ɗigo guda. Kafin ka ce kwabo hayaƙi ya tashi. Muka auna daga gilashin zuwa ɗigon, santimita 10. Nan na faɗa musu dalili: haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa cikin iska, in ya shiga gilashi ya koma wajen 200,000. Wannan ragin gudu ne ke karkatar da shi, kuma da yake fuskar gilashin a lanƙwashe take, hasken da ya bi ta gefe ya fi karkata, sai duka su haɗu wuri ɗaya. Na ja musu kunne sosai kada kowa ya kuskura ya dubi rana ta cikinsa.

Abin da ya fi taɓa ni ya faru ne a cikin aji. Muka rufe tagogi, muka kunna kyandir. Da muka ajiye shi santimita 30 daga gilashin, hotonsa ya fito a farar takarda santimita 15 ta ɗaya ɓangaren, ƙarami, rabin tsawonsa, harshen wutar yana kallon ƙasa. Muka matso da shi zuwa 15, hoton ya ja baya zuwa 30, ya ninka girma, har yanzu a kife. Da muka shigo da shi ƙasa da 10, takarda ta zama fayau, babu komai. Sai ka leƙa ta cikin gilashin kake ganinsa a miƙe, ƙato. Lissafin da muka sha wahalar haddacewa ya fito daidai, Sani, a gaban idona.

Daga nan na buɗe taga ɗaya, na riƙe tabaran Baba, mai lamba +2, wato mai tattara haske a rabin mita, daidai wannan tazara daga bango. Bedin da ke tsakar lakol ya bayyana a bangon, kansa a ƙasa, ganyensa na motsi. Ajin ya yi tsit. Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ce, "Mushe, to idonmu fa?" Na ce haka yake, akwai irin wannan gilashi na halitta cikin ido, hoto a kife yake sauka a bayansa, ƙwaƙwalwa ce ke fahimtarsa a miƙe. Na ba su labarin Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya zauna a Alƙahira shekaru kusan 1000 da suka wuce, wanda ya kafa hujja cewa haske ne ke shigowa ido daga abin da ake kallo.

Ga roƙona. Ɗalibai sun yi wa lup ɗaya yawa, kuma mai shi na jiran abinsa. In ka samu guda biyar ko shida masu sauƙin kuɗi, ka ba wani mai zuwa gida ya riƙo mini, a naɗe su da tsumma don kada su karce a hanya.

Baba ya karɓi tabaransa, ya ce a gaishe ka. Ka gaida mai ɗakinka da yara.

Naka,
Isufu