Zanen Nan Ya Sauko Daga Masaƙa

Jekadafari, Gombe
Daren Lahadi

Ƙawalliya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Abban yara da takwarata da su 'yan biyu. Ya ruwan Fatakwal? Mu nan hunturu ya fara leƙowa, da asuba sai da mayafi, leɓe har ya soma tsagewa.

Ke dai ba ki da kirki. Rabona da muryarki tun Babbar Sallah, sai dai in riƙa ganin hotunan miyar kifi kina sawa a WhatsApp, ko tayi babu. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuto miki doguwa irin ta zamanin makaranta, don saƙon murya ba zai ɗauke abin da ke bakina ba. Akwai ma tambayar da nake son yi miki a kan akwatin marigayiya Dada, amma tsaya tukuna, labarin nan ya cika mini ciki.

Zanen nan ya sauko daga masaƙa! Ranar Alhamis bayan la'asar Bappa masaƙi ya aiko jikansa da shi, a naɗe cikin tsohon buhun siga. Da na warware shi a kan tabarma sai da hannuna ya yi rawa, wallahi. Shuɗi ne mai duhu da ratsin fari, yana da nauyi a hannu, ga ƙamshin baban rini bai gama fita ba. In kika bi shi da yatsa za ki ji inda zaren Goggo ya ƙare namu ya fara, nata sumul, namu da ɗan tudu nan da can. Babu ko sili ɗaya na kasuwa a jikinsa. Tun daga audugar har rinin, duk hannunmu ne.

Na san za ki ce wane zane kuma, tunda ba kya sauraron saƙo in ya wuce minti biyu. To bari in ɗauko miki daga tushe. Bara da kaka Hamma ya kawo auduga daga gonarsa ta wajen Kumo, ɗan abin da ya shuka a gefen masara. Kuɗin da aka taya masa bai kai ya biya mota ba, sai ya jibge ta a zaure ya ce ko matashin kai a cusa. Goggo ta wuce ta gani, ta ɗebi dunƙule ɗaya tana ja da yatsu, ba ta ce wa kowa komai ba. Washegari sai ga ta ta sa yara sun jawo mata magurjinta daga ƙarƙashin gado, da bakan shiɓa, da mazarai a cikin wata tsohuwar taskira. Mu duk mun ɗauka kayan nan sun ɓace tun tashinmu daga tsohon gida.

Ƙawalliya, da kin ga Goggo a ranar. Matar da idonta ba ya zura allura yanzu, ta ɗora auduga a kan dutse tana murza ɗan ƙarfen nan, angurya na zubowa gefe. Ta shiɓe ta da baka har ta tashi fes. Sannan ta dangwali alli, ta kafa mazari a cikin ɗan ƙoƙo, ta murza da hannun dama, na hagu yana ɗagawa sama a hankali, zare na fitowa siriri bai tsinke ba. Ko kallonsa ba ta yi, tana ta ba mu labarin auren Dada. Ni da na yi shekaru ina saƙar kwarashi da ulun kanti, ranar na fara ganin yadda ake haifar zare. Na ajiye hular jaririn da ke hannuna na ce, Goggo, koya mini.

Daga nan abin ya shiga zamanmu na Asabar. Kin dai san yadda muke, kowa da abin da take riƙe da shi. Maman Biyu da faya-fayanta na kaba, Adda ta Bolari da zanen gadonta, Innar nan ta Deba mai zanen ƙwarya da wuƙa mai zafi, wadda kullum sai ta cika mana tsakar gida da hayaƙi. Sai 'yan matan Bama guda biyu masu ɗinkin hula, waɗanda iyayensu suka zo Gombe a 2014 lokacin da aka kori garinsu. Suna ƙanana suka zo, yanzu ga su 'yan mata, kuma hular da suke fitarwa masu shago a babbar kasuwa rububinta suke yi kafin Sallah. Su ne ma suka fi kowa saurin kama kaɗin, don yatsunsu sun saba da ƙirga sili. Ƙaramar, kafin azumi, har Goggo ta yarda ta ba ta zaren tsaye, wanda sai an murza shi ya yi ƙarfi sosai don shi ke shan ja a masaƙa. Mu sauran aka bar mu da abawa, mai kauri da laushi, wadda ake jefawa a ƙoshiya.

Af, kafin in manta, Maman Biyu ta aurar da babbar 'yarta. Mijin ɗan Bajoga ne, yana aiki a Ashaka. An yi kamu, an yi buɗar kai, kuma ƙawarki ta Pantami ta zo da gwaggwaron nan nata da kika sani. An tambaye ki har na gaji da ba da uzuri. Gudummawarki na nan ana jira, kada ki ce ban faɗa miki ba.

Ina muka tsaya? Kaɗi. Hunturu ba ya son mai kaɗi, iska ta bushe, auduga ta yi ta tsinkewa, yatsu su faffashe, sai da man kaɗe. Goggo ta ce a riƙa yi da sassafe ko da daddare. Haka na koma, in na sallami yara makaranta in yi kwarashin da aka ba ni aiki, don shi ke kawo na cefane, da dare kuma in an ɗauke wuta in zauna da mazari a gaban fitila mai caji. Abban su Ummi tun yana tsokanata har ya koma shi ke tsince mini angurya.

Kin tuna yadda Baba, Allah Ya jiƙansa, yake ba mu labarin motocin auduga da ke yin layi a BCGA, kamfanin auduga na Turawa? Yakan ce garin nan auduga ce ta gina shi. An kafa injin gurza a Gombe a 1956, jirgin ƙasa ya iso a 1963, ana ɗaure auduga ana lodawa, wata ta tafi masaƙun Kaduna, wata ta tsallaka teku. Yau sunan unguwar BCGA ne kawai ya rage a bakin 'yan acaɓa da masu Keke, masaƙun Kaduna sun rufe, atamfar da ke kasuwa yawancinta daga Sin take zuwa. Na tambayi Goggo ko a lokacin ma mata na kaɗi. Ta ce sosai, kowace mace sai ta ɓoye 'yar tata kafin a kai awo, da kuɗin zaren suke tara wa 'ya'yansu kwano da tasa. Raina ya sosu da na ji haka. Sana'a ce guda ta riƙe ɗakunan iyayenmu, kuma a gabanmu ta kwanta ba mu ko waiga ba.

Rini sai da muka jira bazara, don baba ba ya nuna da sanyi. Ƙanen Abban su Ummi da ke zuwa sari Kantin Kwari shi ya biya Ƙofar Mata ya sayo mana busasshen baba, wani dattijo a can ya yi masa bayanin haɗi, ya ɗauko mana a waya. Ba mu da karofi, sai muka binne babbar randa a bayan ɗaki. Ruwan toka, baba, a rufe, kullum a motsa da sanda. Warin kuwa, maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta tambaya ko wani abu ne ya mutu. Ranar da kumfa ta taso, saman ruwan ya yi wani sheƙi ja-ja, muka tsoma zaren farko. Ya fito kore-kore, har Adda ta ce ya ɓaci. Muna tsaye muna kallo, iska na bugunsa, ya riƙa juyewa yana zama shuɗi a hannuna. Sai da muka yi guɗa. A tsoma, a matse, a shanya, a sake tsomawa, haka har ya yi duhun da Goggo ke so. Na yi kwanaki da shuɗin hannu, na je suna a haka, kuma ban ɓoye shi cikin hijabi ba.

Masaƙi ne ya ba mu wuya. Mun yi cigiya har Kumo da Dukku, kowa sai ya ce ai wane ya rasu, wane ya koma noma. Ashe Bappa na nan kusa, a Herwagana, ya naɗe allerarsa ya rataye shekara da shekaru. Da aka kai masa zaren ya ja shi, ya kai hanci, ya tambaya wa ya kaɗa wannan. Aka ce Goggo. Ya ce to zai yi. Shi da jikansa suka yi wadari, wato jan zaren tsaye a jera shi, a ƙofar gida, yara suka taru suna kallo, don ba su taɓa gani ba. Siriri yake saƙawa, faɗin tafin hannu, sannan a jera a ɗinke gefe da gefe. Bayansa na ciwo, damina kuma ta hana shi zama waje wasu ranakun, shi ya sa aka daɗe.

To ga inda hankalina ya rabu biyu. Ummi ta ɗauki hoton zanen ta sa a Instagram, kafin gari ya waye wata mata mai shagon kaya a Abuja ta yi magana, tana so, kuma kuɗin da ta ambata ya fi abin da nake samu a kwarashi cikin watanni. Ta ce in da wasu ma za ta ɗauka. Jiya a zama aka kusa ɓatawa. Maman Biyu ta ce a sayar a raba, kowa na da buƙata, tun da aka cire tallafin mai a 2023 ulu da zaren hula sai hawa suke yi. Adda ta ce na fari ba a sayar da shi. Goggo ta yi shiru, can ta ce ita dai tana so a sa shi cikin kayan ɗakin ƙaramar 'yar Baman nan in aurenta ya tashi, tunda yarinyar ba ta da kakar da za ta ba ta irinsa. Yarinyar ta sunkuyar da kai tana hawaye, sai kowa ya yi tsit.

Ni kam ina bayan Goggo a kan wannan ɗin. Amma ina so mu karɓi aikin matar Abujar, mu yi mata wasu, don na tabbata yaran nan ba za su riƙe mazari saboda tarihi ba, sai sun ga yana sayen sabulu da kuɗin makaranta. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a yi rabon yadda aka saba. Tun da can mai kaɗi ita ke kwasar wahala mafi tsawo, ita kuma ke samun mafi ƙanƙanta, masaƙi da marini da dillali duk suna gabanta. Na ga da idona, kaɗin zanen nan ya ci watanni, saƙarsa makonni. Na ce musu in za a sa kuɗi, a fara lissafa na masu kaɗi, sannan Bappa, sannan baba da kuɗin mota, abin da ya tashi shi ne farashi, mai so ya saya. Maman Biyu ta ce zan kori mai saye. Wataƙila. Amma na gaji da jin ana taya hular da yarinya ta yi makonni tana tsiyayar da idonta a kai kamar ana taya tumatir da yamma.

Abin da ke hana ni barci kuma shi ne Bappa. Shi kaɗai muka samu, kuma ya tsufa. Jikan yana da hannu, na ga yadda yake jefa ƙoshiya, amma hankalinsa na kan sayen babur. Na roƙi Hamma ya zauna da shi, ya nuna masa cewa in aikin Abujar ya tabbata zai riƙa samun nasa duk wata. Goggo kuma ta ce a da mata ma suna da tasu masaƙar ta tsaye, a jingine da bango a cikin ɗaki, mai fitar da zane da faɗinsa. Ta ce tana iya kwatanta wa kafinta yadda ake haɗa ta. Ranar Talata zan kai ta wurin na bakin layinmu mu gani. Ki taya mu da addu'a, don in wannan ta yiwu, ko ba kowa mu da kanmu za mu saƙa.

Hamma ya ƙara faɗin audugar bana, har ya fara cewa a sa shi a lissafi. An kusa fara tsinka. Innar Deba kuma ta zana miki ƙwarya tun kafin Sallah, tana nan a kan durowata tana shan ƙura, ga safa da hular sanyi da na saƙa wa takwarata, ko da yake ban san me za ta yi da su a zafin garinku ba. Ki turo mini lambar direban nan da kika ce yana zuwa ta Jos in ba shi saƙon, kuma ki auno mini ƙafar 'yan biyu da zare ki faɗa mini tsawon, kada in yi musu ƙanana.

In kina zuwa hutun ƙarshen shekara ki faɗa da wuri in ajiye miki mazari ɗaya, don Goggo ta ce ba za ta ƙyale ki ba, wai tun kina yarinya hannunki ya fi bakinki nauyi. Ki gaida Abban yara, ki ce masa muna nan muna jiran kifin da ya yi alkawari. Su Ummi na gaishe ki, Adda ma haka.

Taki har kullum,
Ƙawarki ta Jekadafari