Garin Sarlat da Makomar Tsoffin Sorayen Maradi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai albarka in yi bayani a kan wani ƙaramin gari na ƙasar Faransa mai suna Sarlat, domin tarihinsa ya shafi abin da muke gani a nan Maradi duk lokacin da aka rushe tsohon zaure aka jera shagunan siminti a gurbinsa.

Sarlat yana yankin Dordogne, kudu maso yammacin Faransa, kuma mazaunansa ba su kai dubu goma ba. Garin ya tashi ne a kewayen wani gidan ibada na malaman Kirista, a shekarar 1317 kuma Fafaroma ya ba shi kujerar bishop, wato babban limamin Kirista na yanki. Lokacin dogon yaƙin Faransa da Ingila an miƙa shi ga Ingila a 1360, ya koma hannun Faransa bayan shekara goma. Da ƙura ta lafa a 1453, sai attajirai da alƙalai suka shiga gina manyan gidaje da dutse mai launin rawaya, kuma gidan da aka haifi marubuci Étienne de La Boétie a 1530 yana nan tsaye har yau. Rufin gidajen da yawa na falalen duwatsu ne da aka jera bisa juna, nauyinsu yakan kai kilo 500 a kowace murabba'in mita, shi ya sa maginan suka yi rufin a tsaye sosai, suka tallafe shi da katako masu kauri.

Abin da ya fara tsare waɗannan gidaje shi ne rashin wadata. Garin ya yi nisa da manyan hanyoyin kasuwanci, jirgin ƙasa bai iso shi ba sai 1882, saboda haka mutane ba su sami kuɗin rushewa da sake gini ba. Ɓarna mafi girma hukuma ce ta yi ta a 1837, da ta keta tsakiyar garin da miƙaƙƙen titi. Amma talauci yana hana rushewa ne kawai, ba ya hana gini lalacewa. Ceto na gaskiya ya zo da dokar 1962 wadda ministan al'adu André Malraux ya kawo, kuma a 1964 Sarlat ya shiga sahun garuruwan farko da aka yi aiki da ita. Hikimar dokar ita ce ta kare unguwa sukutum, da lunguna da gidajen talakawa, maimakon a zaɓi fada ko wurin ibada guda a bar sauran. Mai gida ba ya sauya taga ko rufi sai da izinin masanin gini na gwamnati, a madadin haka kuma ana yi masa rangwamen haraji a kan kuɗin gyara. Ba a mayar da garin kufai na kallo ba, domin tsohuwar majami'ar Sainte-Marie ma kasuwa ce yanzu, bayan gyaran da masanin gini Jean Nouvel ya tsara.

Mu a Maradi rashinmu ya riga ya yi yawa, tun da ambaliyar gulbi ta 1945 ta cinye tsohon gari aka hau tudu. Abin da ya rage mana shi ne sorayen da iyayenmu suka gina bayan haka a Bagalam da Mokoyo da Limanci, da ɗakunan ajiya na zamanin cinikin gyaɗa. Wasu za su ce ginin shekara tamanin bai isa a kira shi tarihi ba, alhali shi ne mafi tsufan abin da muke da shi. Wanda ya taɓa shiga irin waɗannan zauruka da tsakar rana a watan Afrilu, ya ji sanyin bangon tubali mai kauri, ya ɗaga kai ya ga yadda aka gicciya azara, ya san ilimi ne aka zuba a wurin.

Na san laka ba dutse ba ce. Tana buƙatar yaɓe kafin damina da gyaran indararo, kuma rushewar tsohon masallacin Zinder a ruwan 2024 ta nuna saurin da asara take zuwa. Ba na ganin laifin magidancin da ya gaji da ɗigar ruwa ya sa kwano, domin ba a taɓa taimaka masa da ko sisi ba. Sai dai Agadez, wadda UNESCO ta sa tsohon garinta cikin kayan tarihin duniya a 2013, ta tabbatar da cewa ginin ƙasa yana jurewa idan akwai masu kula da shi.

Roƙona ga ofishin magajin gari da fadar Mai Martaba Sarkin Katsinan Maradi shi ne su haɗa kai da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗanƙulodo, a bi unguwa unguwa a rubuta tsoffin gidajen da suka rage, a ɗauki hotunansu, a ware ɗan tallafin yaɓe na shekara shekara ga masu su, sannan a haɗa matasa da tsoffin magina su koyi aikin tun suna da ƙarfin hawa katanga.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga unguwar Bagalam, Maradi