Kalma ɗaya ta sa ana yi mini kallon mai laifi

Assalamu alaikum Malam,

Ina gaishe ka da aiki, Allah ya ƙara basira. Ni mai kula da sito ne a wata makarantar sakandare, shekara 6 ke nan ba a taɓa samuna da ko allura ba. Yau kalmar Turanci guda ɗaya, wato deliberately, ta hana ni barci.

Watan jiya aka kawo katan 12 na littattafan rubutu ana gab da tashi. Na jera su a sito, na ce da safe zan shigar a rajista. Cikin dare zazzaɓi ya rufe ɗana, muka kwana asibiti, maganar rajista ta fice mini. Da masu bincike suka zo, ga kaya cif, amma babu su a rubuce. Aka ba ni takardar tuhuma, aka ce in amsa cikin awa 24.

Na rubuta: "I deliberately did not record the items." Allah ya sani, nufina shi ne ba da gangan na ƙi rubutawa ba. Washegari shugaban makaranta ya kira ni, ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin kalmar, ya turo mini takardar ya ce, "Malam, da hannunka ka amsa cewa da gangan ka ƙi." Gumi ya keto mini, na rasa bakin magana.

Malamin Turancinmu ya ce da na rubuta "I did not deliberately leave them out", da shi ke nan. Wai idan deliberately ta riga not, to ƙin yin ne aka yi da gangan. Idan not ta riga ta, gangancin ake korewa. Mu a Hausa "ba" da "ba" suna kewaye abin da ake musu, ba a ruɗewa. Ban taɓa sanin wurin zaman kalma kaɗai zai iya juya magana haka ba, kuma ina ganin da yawanmu masu rubuta takardun ofis ba mu sani ba.

Don Allah Malam ka warware mini. Shin "He deliberately broke the cup" da "He broke the cup deliberately" duk ɗaya ne? Na lura on purpose kusan kullum a ƙarshe take zama, ko ita ma tana shiga tsakiya? Sannan na duba ƙamus na ga "She spoke slowly and deliberately", inda ma'anar ta koma a tsanake. Ta yaya zan gane wacce ake nufi? Purposely da purposefully ma suna rikita ni.

Abin da ya fi damuna shi ne takardar tana cikin fayil ɗina, ga ƙarin girma na tafe. Matata ta ce in je in sami shugaban makaranta baki da baki in ba shi haƙuri. Ni kuwa ina ganin abin da aka rubuta, rubutu ne ke gyara shi. In sake wata takardar in ce kuskuren harshe ne? Ina tsoron a ce na ga uwar bari ne nake sauya magana. Idan rubutawar ce ta dace, da wace jimla zan fara?

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Naka mai sauraro,
daga Zariya